Kukan Ƙuda a Kunnen Hagu

"…lafiya ƙalau, Baba. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Tela. Ka iske ni a bakin aiki. Gadi nake yi, ɓarauniya ce ta shigo mana da rana tsaka."

"Ɓarauniyar da mabuɗinta ta zo," in ji jikar tsohon daga cikin ɗaki. "Baffa Tela, sannu da zuwa. Tsallake shi kawai ka shigo. Tun safe ya zube a bakin ƙofa kamar buhun da aka manta a tasha."

Ɗakin aminina ne, Allah ya jiƙansa. Tun muna yawo ba takalmi muke tare. Shi ya yi karatu mai zurfi ya zama mai haɗa magani a asibiti, ni na tsaya a kan keken ɗinki, amma hakan bai taɓa shiga tsakaninmu ba. Ba ya kallon ƙwallo, ba ya zaman hira a bakin titi. Abu ɗaya ne ya tafi da hankalinsa: hedifon, lasifikar nan da ake kifawa a kunne don jin waƙa. Ya sayi wani babba mai kyau, wanda duk mai hankali zai ce an gama, shi kuwa a ranar ya warware shi. Ya cire wayar da ya zo da ita ya kitsa wata da hannunsa. Ya cusa auduga a bayan 'yan lasifikokin, ya cire, ya mayar da rabi. Ya huda ƙananan ramuka a jikin ƙoƙon da ke rufe kunne, bayan mako ya toshe wasu. 'Yan ƙananan matasan kai da ke zama a kan kunne kuwa ni nake ɗinka masa da fata mai laushi, ya sa na sake su har na daina tambayar laifin na baya.

Ciwon bai ba mu lokaci ba. Ya bar mata, da 'ya ɗaya, da mahaifinsa, tsohon direban jirgin ƙasa wanda ƙarar inji ta ci rabin jinsa. Sai ka ɗaga murya yake ji, ban da zagi. Wannan ko raɗa aka yi, ya ji.

Yarinyar ta gama karatun jinya, an ɗauke ta aiki a wani gari mai nisa, washegari za ta tafi. Abu ɗaya ta ce za ta ɗauka na ubanta, hedifon ɗin. Kakanta ya ce ko tsinke ba zai fita daga ɗakin ba. Uwarta, wadda har yanzu ba ta iya leƙa ɗakin, ta ce su ƙarata can, ba ruwanta. Ni kuma an kira ni ne saboda da yarinyar ta gwada shi, ta ji kunnen hagu yana wani kuka kamar ƙuda ya faɗa kwalba.

"Ka ga amaryar da na fasa aure," in ji tsohon, yana nuna ta da sanda. "Haushi ne ya sa za ta kwashe min kaya."

"Ni na fasa. Wa zai auri mutumin da haƙoransa ke kwana a kofi?"

"Haƙoran da ke kofi sun fi naki fari."

"Ai ba su da aikin yi ne. Kaka, abin da ka yi shekaru kana kira murfin tukunya, yau shi kake gadi?"

"Tukunyar a gidana take. Murfin ma nawa ne."

"Ba ka san gabansa daga bayansa ba."

"Ni da na tuƙa jirgi mai taragai kamar daga nan zuwa kasuwa? Maɓallan da ke gabana kaɗai sun fi yawan littattafan da kika karanta."

"Bara ka ce daga nan zuwa bakin titi. Kullum jirgin nan ƙara tsawo yake yi."

"Wai ma'aikaciyar jinya. Allah ya tsare marasa lafiyar garin can. Tela, wannan ce ta auna min jini ta ce min ya hau, ashe hannun kujera ta ɗaure."

"Na kasa bambance su ne. Duk biyun busassun itace."

Na yi dariya, abin da na daɗe ban yi ba a gidan nan. Sannan na shiga, dariyar ta ɗauke. Teburin yana nan yadda ya bar shi. Ƙananan sukundirebobi a cikin kofi, hantsaki, ƙarfen narka dalma, auduga a gwangwani, da guntayen fatar da na kawo masa na ƙarshe ya ce zai duba ya zaɓa. Ga akwatin ƙara sauti, ga hedifon ɗin rataye a ƙugiyarsa. Kujerarsa kaɗai ce a ɗakin. Na tsaya ina kallonta har yarinyar ta ce, "Zauna mana, Baffa. Da yana nan ma kai zai ba."

Na zauna. Ta zura hannu bayan akwatin ta kunna, 'yar fitila ta kama. Na lura tsohon ya miƙo wuya daga bakin ƙofa yana bin hannunta da kallo.

Na kifa hedifon ɗin, ta sa waƙa. Muryar tana fita tas, kamar yadda na sani. Amma duk sanda babbar ganga ta sauka, sai kunnen hagu ya yi zzz.

"Ka ji ko?" ta ce.

"Na ji."

"Ita ta lalata shi," in ji tsohon. "Hannun nan nata ko ƙarfe ya taɓa sai ya yi tsatsa."

"Idonka ne. Wata nawa kana harararsa daga ƙofa."

Ni ba makaniki ba ne, amma na daɗe ina riƙe wa aminina waya yana liƙewa, na ga yadda yake bin matsala. Ba ya fara zargin abu mai wuya. Wayar a rabe take biyu, kowane ƙoƙo da tasa. Na zare su na musanya, ta hagu ta koma dama, ta dama ta koma hagu. Da laifin waya ne ko na akwati, da ƙudan ya bi ta ya koma dama. Bai koma ba. Yana nan a hagu.

"A cikin ƙoƙon yake," na ce. "Sai an duba ciki."

Yarinyar ta miƙa hannu za ta ɗauko sukundireba. Sai ga tsohon ya taso, ya shigo, ya ɗora sandarsa a kan kofin.

"Hannunsa ne ya ɗaure kusoshin nan na ƙarshe," ya ce. "Ba wanda zai kwance su."

Babu wasa a muryarsa. Yarinyar ta janye hannunta a hankali. Ana jin motsin kwanuka daga can cikin gida.

"Baba," na ce, "ba zan taɓa kusa ba. Matashin kawai zan cire. Shi kuwa ni na ɗinka."

Ya dube ni na ɗan lokaci. "Ɗinkin ma a karkace yake. Cire."

Na murɗa matashin a hankali ya fita. A ƙarƙashinsa akwai raga, a bayan ragar kuma 'yar lasifikar, mai wata leda siririya da ko numfashi mai ƙarfi ba a yi mata. Yarinyar ta haska min da fitilar wayarta. Da farko ban ga komai ba. Na karkata shi wajen taga, sai na gani: wani abu siriri ya ratsa ta ramin ragar, kansa yana taɓa ledar. Duk sanda ganga ta girgiza ta, sai ya yi rawa a kanta. Aminina ya taɓa nuna min irin haka, ya ce abin da ya fi yawan sa mutane su yar da hedifon mai kyau ke nan.

Na ɗauko hantsaki, na riƙe numfashina, na zaro shi. Gashi ne guda ɗaya, gajere, mai kauri, ya ɗan lanƙwashe.

"Na Abba ne?" ta ce, muryarta ta yi ƙasa.

Ni ma abin da zuciyata ta fara so ke nan. Na ɗora shi a kan baƙar fatar da ke teburin. Fari ne fat. Aminina kuwa kullum kansa a aske yake ƙwal, kuma har ya koma ga Allah ko furfura ɗaya ban gan shi da ita ba.

Yarinyar ta dubi gashin. Ta juya a hankali ta dubi kakanta.

"Me kike kallona?"

"Kaka."

"Ni? In ɗora murfin tukunya a kaina, da girmana?"

"To ta ina ya shiga?"

"Iska ce."

"Tagar nan yau aka fara buɗe ta."

"To kyanwar maƙwabta ce."

"Kyanwar maƙwabta baƙa ce."

"Ta tsufa."

"Ta tsufa ta shigo ta sa hedifon?"

"Zaren Tela ne. Ka ga irin aikinku ko, kuna barin zare ko'ina."

"Baba, a cire ni," na ce. "Ko cikin barci aka miƙo min zare na san shi. Wannan ba daga shagona ya fito ba."

Ta karɓi hantsakin ta ɗauki gashin, ta kai shi gefen kunnensa. Ya kauce, ta bi shi.

"Ga 'yan'uwansa nan a tsaye suna cigiyarsa. Kaka, dajin da ke kunnenka ko akuya aka saka sai an nemo ta da fitila."

"Gashin kunne alamar arziki ce."

"To arzikin naka ya toshe mana lasifika. Kuma wa ya rage maɗaurin kai? Abba kullum a ƙarshe yake barinsa. Da na ɗauka na ga ya zauna min daidai, har na yi mamaki."

"Kan ubanki ai ba kai ba ne, tulu ne. Wajen uwarsa ya gado."

"Naka kuma kamar lemun tsami. Shi ya sa aka rage."

Ya buɗe baki zai rama, sai ya fasa, ya kau da kai. Tun da nake da gidan nan ban taɓa ganin haka ba. Na tashi na ba shi kujerar, bai yi gardama ba. Ya zauna, kuma yadda ya zauna, ya jingina sandarsa a lungun tebur ba tare da ya duba ba, na gane ba yau ya fara ba.

"In kin fita, uwarki tana ciki, nakan shigo," ya ce. "In zauna nan. In kifa."

"Wace waƙa kake ji?"

"Babu."

"Kamar yaya babu?"

"Na danna duk abin da ke gaban akwatin nan, na murɗa na murɗawa, bai kama ba. Sai yau na ga ashe a baya ya ɓoye makunnin. Mugun yaro."

"Shi ya mayar da shi can," na ce. "Wai wayar wuta ta yi kusa da ta sauti, tana sa gurnani."

"Duk watannin nan," in ji yarinyar, "kana zaune da shi a ka, babu komai a ciki?"

"Akwai ɗumi. Akwai ƙanshin man da yake shafawa."

Ta durƙusa a gefen kujerar. "Me ya hana ka tambaye ni?"

"In tambaye ki, ki samu abin faɗa har ranar da za a binne ni?"

"Har bayan nan ma."

Ya yi ɗan murmushi, ya shafa fatar matashin da ke hannuna da yatsa ɗaya.

"Sau nawa ya biyo ni da abin nan har inda nake shan iska. Baba, sa ka ji, ko kaɗan ne. Wai akwai wata waƙa, kafin matar ta fara sai ta ja numfashi. Wai ya yi ta gyara, ya yi ta gyara, har numfashin ya fito kamar tana tsaye a bayanka. In ce masa ni na gaji da jin numfashin inji, ba na bukatar na matar mutane. Ya yi dariya ya koma. Kullum haka, ya yi dariya ya koma. Ni a zatona muna da lokaci, wata rana zan sa don in ba shi haushi in ce ban ji komai ba."

Na san waƙar. Da ita yake gwada duk gyaran da ya yi. Ko auduga ya ƙara kamar ƙwayar wake, sai ya mayar da ita farko ya rufe ido. Na sha jin farkonta a ɗakin nan, amma da wuya mu kai ƙarshenta, don kafin nan ya cire ya ɗauko sukundireba.

Na mayar da matashin, na mayar da wayoyin kowace gefenta, na gwada. Ganga ta sauka, ta sake sauka. Ƙudan ya tafi.

"Baffa, ba ka zo da almakashi ba?" in ji yarinyar, tana goge ido da bayan hannu. "A yi masa shara tukuna, kada mu koma gidan jiya."

"Ki taɓa min gashi ɗaya ki ga."

"Ai ka riga ka ba da ɗaya kyauta. Miƙo kan."

Ta kifa masa, ta gyara masa a kan kunnuwan kamar mai gyara wa yaro hula. Ta nemo waƙar ta sa. Ya riƙe gwiwoyinsa da hannu biyu, ya ƙura wa bango ido.

"Na ji ganga," ya ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa. "Ga matar nan ta fara."

"Numfashin fa?"

"Me?"

Ta ɗaga ƙoƙo ɗaya. "Numfashin. Kafin ta fara."

"Mayar."

Ta mayar farko, ta ƙara sauti. Ya rufe ido, ya karkata kai. Matar ta fara. Ya girgiza kai. Ta sake mayarwa, ta kai hannu za ta ƙara, na riƙe hannun, don daga inda nake tsaye ma ina jin waƙar tana fitowa. Ya saurara har matar ta yi nisa, sannan ya cire shi da kansa ya ɗora a cinya.

"Babu," ya ce. "Shiru nake ji, sai kawai ta fara. Lokacin da ya soma roƙona kunnen da saura. Wataƙila da na ji."

Yarinyar ta yi ƙoƙarin lallashinsa.

"Ba ka rasa komai ba, Kaka. Numfashi ne kawai, kowa ma yana yi."

"Ƙarya ba ta karɓe ki ba. Kamar girki."

Ta miƙe ta karkaɗe gwiwarta. "To ni dai na fasa. Riƙe abinka. Ba zan shiga sabon gari da abin da tsoho ya cika da gashi ba, a ce daga gidanmu na zo da shi."

"In riƙe in yi me? In ci gaba da ɗumama kunne?"

"Yanzu ai ka san inda makunnin yake."

"Na san makunni, kunnen fa? Shekarun da ya yi a kan teburin nan ba don ɗumi ya yi su ba." Ya miƙa mata. "Sa. Ki gaya min daidai wurin."

"Kaka…"

"Sa mana. Ko ke ma kurma ce? A gidan nan dai ni kaɗai ke da lasisi."

Ta karɓa ta rage sautin, ta kifa a kanta. Ta sake durƙusawa, ta ba shi hannunta na dama, ya riƙe da nasa biyu. Ni na mayar da waƙar farko. Ɗakin ya yi tsit, mu ba ma jin komai, fuskarta kawai muke kallo. Can sai na ga yatsunta sun matse nasa.

"Nan ne?" ya ce.

Ta gyaɗa kai. Hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba.

Ya jira ta cire. "Kin ji da gaske, ko irin taku ce ta masu jinya, da kuke ce wa mutum allura ba zafi?"

"Na ji, Kaka. A nan, bayan kunnena. Har sai da na so in waiga."

Ya dube ni. Na ce, "Haka ne, Baba. Ni ma ranar da ya gama na waiga."

Ya daɗe yana gyaɗa kai shi kaɗai. "To ashe yaron ba shirme yake yi ba."

Sai ya saki hannunta ya ɗauki sandarsa ya ƙwanƙwasa tebur. "Tela, naɗe mata. Har akwatin, kada ta je ta haɗa shi da rediyon mota ta kunyata mu. Ke kuma da sharaɗi. Duk saurayin da ya zo, kada ki bari ya sa sai kin duba kunnensa."

"Da fitila zan duba, tun kafin in amsa gaisuwarsa."

"In kin ga gashi?"

"In ce masa ya koma, muna da irinsa a gida, har ya yi mana yawa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ta shiga bubbuga masa baya tana cewa ya yi a hankali kada haƙoran su faɗo. Ni na zare wayar na naɗe ta a hannuna, sako-sako yadda mai ita yake yi, don kitson kada ya karye. Na sa hedifon ɗin a jakarsa, na ja zif.

Tsohon ya bi jakar da kallo har na miƙa mata. Sannan ya dubi ƙugiyar da babu komai a kanta, ya gyara zama.

"Kujerar dai ki bar min," ya ce.

"Na bar maka, Kaka."